Dajin Ƙashi da Dabarun Ceton Ƙafa



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne ciwon daji na ƙashi, wanda waɗansu ke kira sankarar ƙashi, da kuma dabarun da likitoci suka ƙago domin su yi maganinsa ba tare da an raba majiyyaci da hannunsa ko ƙafarsa ba. Ciwon ba shi da yawa a cikin jama'a. Irinsa wanda ya fi shahara, cikin mutum miliyan ɗaya bai fi kama 3 ko 4 a shekara ba. Amma gidan da ya taɓa shiga ba a mantawa da shi, gama ya fi neman yara masu tasowa da samari da 'yan mata, daga shekara 10 zuwa 25, watau daidai lokacin da iyaye suka fara sa ran cin moriyar wahalarsu.

Zan fara da misali, irin wanda kowane likitan ƙashi a ƙasar nan ya gani har ya gaji. Mu ɗauka ga wani yaro ɗan shekara 15 a cikin birnin Zariya, a Kwarbai ko Limancin Kona ko Ƙaura. Ya fara kukan ciwon gwiwa. Aka tambaye shi, ya ce kwanan baya ya faɗi a wajen ƙwallo. Wane yaro ne bai taɓa faɗuwa wajen ƙwallo ba? Sai kowa ya ce targaɗe ne, aka shafa man zafi, aka gasa da ruwan ɗumi. Ciwo bai tafi ba, har ya fara hana shi barci da dare. Bayan wata guda wurin ya ɗan tasa, aka kai shi ga maɗori, ya ja, ya murza, ya ɗaure. Kumburi ya ƙaru. Aka kira wanzami ya kafa ƙaho, daga baya aka ce ai ruwa ne ya taru, a yi sakiya. Da aka huda, jini ya fito maimakon ruwa, wurin kuma ya ƙi rufewa. Daga nan sai magana ta koma ga jifa da sammu. Ran da aka ɗauko yaron aka fita da shi ta Ƙofar Doka aka nufi Shika, an yi wata 7 ko 8 ana wannan fama, gwiwa ta kai girman ƙwarya, tana wari. Likita ya duba ya ce babu abin yi sai yankewa. Uba ya ce a ba su kwana biyu su yi shawara da 'yan'uwa, suka tafi, ba su komo ba.

Abin da maƙwabta za su riƙe daga wannan labari shi ne, in ka kai ciwon ƙafa asibiti yankewa za su yi. Saboda haka gida na gaba da abin ya faɗa wa, sai su ƙara jinkiri fiye da na farko, su kuma isa a lokacin da yankewar ta zama tilas. Tsoron wuƙa shi ke kai mutane ga wuƙar. Ana gudun gara an faɗa gidan zago.

Ban kawo zancen maɗori don in ci mutuncin sana'arsa ba. Tun ba a san asibiti a ƙasar Hausa ba maɗora ke haɗa karaya, kuma da yawansu sun san abin da suke yi. Amma hannu, kome gwanintarsa, ba ya ganin cikin ƙashi. Murza da ja, waɗanda ke yi wa targaɗe amfani, ɓarna suke yi wa daji: suna fasa 'yar fatar da ta killace shi, suna iya karya ƙashin da ya riga ya rube. A ƙasar Taiwan, inda su ma suke da al'adar tausa irin tasu, an buga wani bincike a 2010 wanda ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tausa kafin a gano ciwon sun fi samun yaɗuwarsa zuwa huhu, sun kuma fi mutuwa.

Wane irin ciwo ne?

Ba kowane kumburin ƙashi ne daji ba. A ƙasarmu ma, abin da ya fi yawa shi ne ruɓar ƙashi da ƙwayoyin cuta ke kawowa, musamman ga masu amosanin jini, sa'an nan tarin fuka wanda ya sauka a ƙashi. Ga wanda ya haura shekara 40 kuwa, in an ga daji a ƙashinsa, galibi baƙo ne da ya taso daga nono ko mafitsarar maza ko huhu ya yada zango a can. Akwai kuma wani ƙari mai cin ƙashi amma ba safai yake yaɗuwa ba, wanda akan kankare shi a cike ramin da wani irin siminti na asibiti, a sallami mutum da ƙafarsa. Akwai dajin guringuntsi, wanda ba ya jin magani sai fiɗa. Akwai wanda James Ewing ya bayyana a 1921, mai yawa ga Turawa, amma da wuya a gan shi ga baƙar fata.

Wanda zan fi tsayawa a kansa shi ne wanda likitoci ke kira ostiyosakoma. Ƙwayoyin halittar da aikinsu gina ƙashi ne, su ne ke haukacewa su yi ta hayayyafa ba kan gado. Ya fi son wurin da ƙashi ke yin tsawo da sauri: ƙarshen ƙashin cinya daga sama da gwiwa, da farkon ƙashin ƙwauri daga ƙasa da ita, sai kuma ƙashin damtse kusa da kafaɗa. Kimanin rabin masu ciwon, a kewayen gwiwa yake fito musu. Faɗuwa ba ta kawo shi. Ita dai takan sa a lura da wurin. Hoton ƙashi na yau da kullum, irin wanda ake ɗauka a asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ko na Wusasa, yakan nuna alamarsa: ƙashi ya zagwanye, sabon ƙashi ya yi tsiri-tsiri waje kamar hasken rana in ta ɓullo.

Darasin huhu

Har zuwa farkon shekarun 1970, magani ɗaya ne duniya ta sani, yankewa. A manyan asibitocin Amurka da Ingila akan yanke ƙafa tun daga sama, da wuri, da hannun gwanaye. Duk da haka, cikin mutum 100 da aka yi wa aiki, waɗanda ke kai shekara 5 da rai ba su cika 20 ba. Sauran, cikin shekara ɗaya ko biyu, sai ciwon ya ɓullo musu a huhu, shi ne ajalinsu. Abin ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. An ɗauki hoton ƙirji kafin aiki, an ga huhu fes. An yanke ƙafa an binne. To, daga ina ciwon ya komo?

Amsar ita ce bai komo daga ko'ina ba, da ma yana can. Tun kafin yaro ya fara ɗingishi sosai, ƙwayoyin dajin sun riga sun bi jini sun sauka a huhu, ƙanana ƙwarai, yadda hoto ba ya kama su. Waɗanda ake iya ganin nasu a hoto ranar farko ba su wuce 15 zuwa 20 cikin 100 ba, amma mafi yawan sauran ma suna ɗauke da irin a ɓoye. Wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe rabin laccar nan. Ciwon a ƙafa ake ganinsa, a huhu yake kisa.

Sauyi ya zo ne da magungunan kashe ƙwayoyin daji, waɗanda ake sa wa a jini su zaga jiki duka, abin da yanzu jama'a ke kira kemo. Wajen 1972 aka ga cewa doksorubisin, wani jan ruwan magani, yana rage ciwon. A lokacin nan ne kuma Norman Jaffe a Boston ya gwada ba da metotirekset da yawan da zai iya kashe mutum, sa'an nan bayan 'yan sa'o'i a bi shi da makarinsa don a ceci lafiyayyun ƙwayoyin jiki. A ƙarshen shekarun 1970 sisfilatin ya shigo. Waɗannan uku har yau su ne ginshiƙin maganin. Waɗansu likitoci sun yi gardama, suka ce ba magani ne ya kawo sauƙin da ake gani ba, gano ciwon da wuri ne. Aka raba gardama da gwajin da Michael Link da abokan aikinsa suka buga a 1986: aka kasa majiyyata biyu bayan fiɗa, aka ba kashi ɗaya magani, aka bar ɗaya. Bayan shekara 2, waɗanda ciwon bai komo wa ba cikin masu shan magani 66 ne cikin 100, cikin waɗanda aka bari kuwa 17.

Akwai wani abu da ya faru a birnin Niyu Yok wanda ya kamata a sani, domin lalura ce ta haife shi. Likitan fiɗa Ralph Marcove yana so ya cire ƙashin da ya kamu kaɗai ya sa na ƙarfe a madadinsa. Amma a zamanin nan sai an auna kowane majiyyaci an ƙera masa nasa, aikin kuwa yakan ci wata biyu ko uku. Abokin aikinsa Gerald Rosen ya ce, maimakon a zauna ana jiran maƙeri daji yana girma, a fara ba da magani tun yanzu. Da aka zo fiɗa sai aka tarar kumburin ya saɓe, ya yi tauri, gefensa ya fito sarai, cirewa ta yi sauƙi. Bugu da ƙari, in an kai ƙashin da aka cire ga likitan binciken tsoka, zai iya ƙiyasta yawan ƙwayoyin da magani ya kashe. In sun kai 90 cikin 100, alama ce mai kyau ƙwarai. Daga nan tsarin da ake bi yau ya samo asali: magani na kimanin mako 10, sa'an nan fiɗa, sa'an nan a ci gaba da magani har a cika wajen wata 7. Da wannan tsari, wanda ciwonsa bai bayyana a huhu ba, 60 zuwa 70 cikin 100 suna warkewa.

Kai magani ga gaɓar da ta kamu

Magungunan nan guba ne, ba a ɓoye wannan. Doksorubisin yana raunana zuciya, sisfilatin yana taɓa ƙoda da ji, dukansu suna zubar da gashi, su rage jini, su karya garkuwar jiki. Saboda haka tun da daɗewa likitoci suke tambaya: in ciwo a ƙafa yake, me zai sa a wahalar da jiki duka? Me zai hana a kai maganin kai tsaye inda ake bukatarsa, da ƙarfin da ya fi na allurar hannu?

Hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce sa magani a cikin jijiyar da ke kai wa gaɓar jini daga zuciya, maimakon jijiyar da ke mayar da jini, wadda aka saba yi wa ƙarin ruwa. Calvin Klopp da abokan aikinsa a Amurka suka fara bayyana wannan a 1950. Yadda ake yi shi ne, a huda babbar jijiya a matsematsi, a zura siririn tiyo na roba ana kallonsa a hoto, har bakinsa ya tsaya dab da reshen da ke ciyar da dajin. Sai a saki maganin a hankali cikin sa'o'i. Jaffe, bayan ya koma Houston ta jihar Texas, ya yi ta amfani da sisfilatin ta wannan hanya a farkon shekarun 1980. Akan maimaita bayan mako biyu ko uku, kowane karo a ɗauki hoton jijiyoyin. Daji mai rai yakan tara ƙananan jijiyoyi cunkus kamar saiwar gamba. In magani na ci, sai a ga suna ɓacewa. Abin ya ba da sha'awa, aka ga ƙarin da ya mutu murus a ƙafafu da yawa.

Amma sha'awa daban, hujja daban. Likitocin Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka fara wani gwaji a 1986, suka ba waɗansu sisfilatin ta jijiyar ƙafa, waɗansu ta hanyar da aka saba, dukansu tare da sauran magungunan. Da sakamako ya fito a 1990, ba a ga bambanci ba wajen yawan ƙwayoyin da suka mutu. A Cibiyar Rizzoli ta Bolonya a Italiya, wadda ta shahara a kan ciwon ƙashi, an ga ɗan fifiko ga hanyar jijiya lokacin da ake haɗa magani uku, amma da aka ƙara na huɗu fifikon ya ɓace. Ga kuma wahala: kowane karo sai an shiga ɗakin hoto na musamman, jijiya na iya toshewa, fata da tsoka na iya ƙonewa inda maganin ya taru. Shi ya sa yawancin cibiyoyin duniya suka bar ta, 'yan kaɗan suka riƙe.

Hanya ta biyu ta fi ban mamaki, kuma mutumin Zazzau zai fi kowa saurin gane ta. A zamanin da ganuwa ke aiki, in magariba ta yi akan rufe ƙofofi, na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. Haka ake yi wa ƙafa. A buɗe cinya, a kama babbar jijiya mai kawo jini da mai mayar da shi, a sa wa kowace tiyo, a haɗa su da na'urar da ke yin aikin zuciya da huhu. Sa'an nan a ɗaure gindin cinya tamau. Yanzu jinin ƙafa ya rabu da na jiki, na'ura ce ke juya shi tana ba shi iska. Sai a ɗuma shi zuwa wajen digiri 39 ko 40, gama zafi yana ƙara wa magani kaifi, a zuba maganin da ƙarfinsa ya ninka abin da jiki zai iya ɗauka sau 15 ko fiye. A bar shi yana zagayawa sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi, ana auna ko yana yoyo zuwa jiki. In an gama a wanke ƙafar da ruwa, a ɗinke jijiyoyi, a kwance ɗauri.

Oscar Creech da Edward Krementz na Jami'ar Tulane a Amurka su ne suka fara wannan a 1957. Majiyyacinsu na farko dattijo ne ɗan shekara 76, mai baƙar sankarar fata a ƙafa, wanda ya ƙi yarda a yanke. Aka zagaya masa melfalan, ƙurajen suka baje, ya ƙara shekara 16 a duniya. Wannan baƙar sankara mun san ta a nan, a tafin ƙafa ta fi fito wa mutanenmu. A farkon shekarun 1990 Ferdy Lejeune da abokan aikinsa a Turai suka ƙara wani sinadari da ake kira TNF, mai lalata jijiyoyin da ke ciyar da daji. Da shi, a cikin masu dajin tsoka waɗanda da yankewa kaɗai ta rage musu, an ceci gaɓar kimanin 8 cikin 10.

To, ga dajin ƙashi fa? A nan ne misalin ganuwa ya juyo mana. Rufe ƙofa yana da amfani in ɓarawo yana cikin gari. In ya riga ya fice tun da la'asar, kome tsananin binciken da aka yi a cikin birni ba zai kamo shi ba. Ɗaurin da ya hana guba isa zuciya da ƙoda, shi ne kuma ya hana ta isa huhu, inda irin ciwon yake kwance. Ko a dajin tsoka da na fata, inda dabarar ta yi suna, gaɓa take ceta, ba a nuna tana ƙara tsawon rai ba. A ganina, wannan nasara ce a gare mu ta wata fuska. Da a ce ceton yaron nan na Kwarbai ya dogara ga na'urar zuciya da ɗakin hoton jijiya, da sai mu ce sai mai halin zuwa Indiya ko Masar. Amma abin da aka tabbatar yana ceton rai shi ne maganin da ake sa wa a jijiyar hannu, a kan kari, ba tsallake, kuma wannan ana yin sa a Shika.

Fiɗar ceton ƙafa

Maginan Zazzau, magada sana'ar Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a, sun san cewa in gara ta ci azara ba a kankare inda ido ya gani a bar saura. Akan cire ta duka, har a haɗa da lafiyayyar ƙasar da ke kewaye. Haka likitan fiɗa yake yi. Yakan cire ƙashin da ya kamu ɗungurungum, a lulluɓe cikin lafiyayyar tsoka, ba tare da wuƙarsa ta taɓa dajin ba, ya kuma wuce iyakar ciwon da 'yan santimita. William Enneking ne ya tsara ƙa'idojin wannan a 1980. Hoton MRI shi ke nuna masa iyakar da ciwon ya kai a cikin ɓargo, da kuma ko ya naɗe manyan jijiyoyi.

Tambayar da kowa ya yi da farko ita ce, barin ƙafar ba zai jawo mutuwa ba? Michael Simon da abokan aikinsa suka bi sawun majiyyata 227 masu ciwon a ƙarshen ƙashin cinya, suka buga sakamako a 1986: waɗanda aka yanke wa da waɗanda aka bar wa ƙafa, tsawon ransu ɗaya. Yau a manyan cibiyoyi, 8 ko 9 cikin 10 suna fita da gaɓarsu.

Saura cike gurbi, gama an bar rami mai tsawon taƙi guda ko fiye. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ƙashin ƙarfe mai haɗe da gwiwar ƙarfe. Yanzu ba a jiran maƙeri. Gunduwa-gunduwa yake zuwa, a harhaɗa daidai tsawon da ake so a ɗakin fiɗa. Mutum yakan taka ƙafarsa cikin 'yan kwanaki. Aibinsa tsada, domin daga waje ake sayo shi da kuɗin waje, sa'an nan ƙarfe ba ya warkewa kamar ƙashi: yana saki, yana cinyewa, in ƙwayar cuta ta kama shi fitar da ita aiki ne ja. Yaron da aka sa wa yana da shekara 15 ya san zai sake komawa ɗakin fiɗa a rayuwarsa, watakila ba sau ɗaya ba. Ga ƙaramin yaro akwai ƙarin matsala, don wurin da aka cire shi ne ke ƙara wa ƙafa kusan santimita 1 kowace shekara. Domin wannan aka ƙago ƙarfe mai miƙewa a Stanmore ta Ingila a 1976.

Akwai hanyoyin da suka fi dacewa da aljihunmu. Ana iya ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, wanda mutum ke iya tafiya ba shi, a dasa a gurbin. Ana iya ɗaukar ƙashin da aka cire, a kankare shi, a kashe dajin da ke ciki da hasken na'urar gashin daji, ko da ruwan zafi, ko kuwa a tsoma shi cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi kamar yadda Hiroyuki Tsuchiya ya fara a Kanazawa ta Japan a 1999, sa'an nan a mayar da shi mazauninsa a ɗaure da ƙarfe. Ana iya kuma haɗe cinya da ƙwauri su zama sanda guda. Ƙafa ce mai ƙarfi, mai jure noma, amma ba ta lanƙwasuwa har abada. Kafin a zaɓa wa mutum wannan, wajibi ne a tuna yadda muke rayuwa: a tabarma muke zama, a tsugune muke kewayawa, a bayan babur muke zuwa kasuwa. Salla dai an yi sauƙi, mai lalura yana yin ta a zaune.

Akwai wata fiɗa kuma da ke ba mutane tsoro in sun fara ganinta. A cire gwiwa da ciwon duka, a ɗauko ƙwauri a juya shi gaba ya koma baya, a haɗa da sauran cinya. Sai idon sawu ya zama gwiwa, a sa ƙafar roba daga nan. Martin Salzer ya fara yi wa masu daji ita a Biyana a 1974. Yaran da aka yi wa suna gudu, suna ƙwallo, ba sa kuma bukatar ƙarfe mai tsada. Abin da ke hana ta karɓuwa ido ne da bakin mutane.

Wajibi ne in faɗi inda ceto ba ya yiwuwa. In daji ya naɗe manyan jijiyoyin bayan gwiwa, ko ya fasa fata ya zama gyambo, ko ya ci tsoka har babu abin rufe ƙarfe, to yankewa ita ce daidai. Likitan da ya bar irin wannan ƙafa don ya faranta wa iyaye rai ya cuci yaron. Ƙafar roba mai kyau, irin wadda ake ƙerawa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ta fi ƙafar da aka bari tana ruɓa. Har wanda ciwonsa ya riga ya kai huhu, sau da yawa yankewa ce ke raba shi da azaba da wari, ya sami barci.

Ku lura da jerin nan da na kawo. Kusan kowane abu a cikinsa jinkiri ne ke haifar da shi, ko kuwa hannun da ya taɓa wurin kafin a san ko mene ne. Sakiyar wanzami tana cikin wannan, haka kuma wuƙar ma'aikacin asibitin da ya tsaga kumburi yana zaton ƙurji ne. Ko gutsuren tsokar da ake ɗiba don gwaji yana da ƙa'ida: duk hanyar da allura ko wuƙa ta bi ta gurɓata, dole a cire ta ranar babbar fiɗa. In aka tsaga a gicciye, ko ta gefen da jijiyoyi suke, an kashe damar ceto tun ba a fara ba. Don haka wanda zai yi babbar fiɗar shi ya kamata ya ɗebi tsokar, ko ya nuna inda za a ɗiba. Ga ɗalibanmu da za su fita aiki a ƙananan asibitoci, iyakar abin da ake nema gare ku shi ne ku ɗauki hoto, ku rubuta takarda, ku tura, kada ku taɓa.

Halin da muke ciki

Zariya ba ta rasa kayan aiki ba in an gwada ta da sauran garuruwa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tashi daga Tudun Wada ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana da sashen ƙashi, da na binciken tsoka, da cibiyar kula da ciwon daji. Dala, wanda aka buɗe a 1959, tafiyar 'yan sa'o'i ce. An kuma yi fiɗar ceton gaɓa a manyan asibitocin ƙasar nan, cikinsu har da na Igbobi a Legas. Daga Babban Dodo zuwa Shika bai kai tafiyar sa'a ɗaya a mota ba, amma yaron misalinmu wata 8 ya yi a wannan hanya.

Bayan jinkiri sai kuɗi. Wata 7 na magani, da gwajin jini kafin kowane zagaye, da ƙarin jini, da kuɗin mota da na abincin mai jinya, duk daga aljihun uba suke fitowa. Da yawa sukan fara, su sha zagaye biyu, kumburi ya ɗan saɓe, kuɗi ya ƙare, su ɓace. Rabin magani kuwa bai ba da rabin waraka. Wahala ce kawai aka sha. Metotirekset mai yawa ma ba a ba da shi sai inda za a iya auna yawansa a jini kowace rana, shi ya sa wurare da dama a Afirka suke tsayawa ga sauran biyun. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa masu ciwon daji a 2021, Shika na cikin asibitoci 6 da aka fara da su, amma dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza aka sa a gaba. Dalilin a fili yake, su suka fi yawa. Sai dai yaro ɗan shekara 15 da aka warkar yana da shekara 50 ko fiye a gabansa, kuma ina ganin wannan lissafi ya isa a sa shi a ma'auni.

Maɗora kuwa, maimakon a yi ta zarginsu daga nesa, gara a je gare su ta hannun masu unguwanni da hakimai, a gaya musu alamomi uku: ciwon ƙashi ga yaro mai tasowa wanda ya wuce mako 3 ko 4 bai lafa ba, ciwon da ke tsananta da dare ko ana kwance, da kumburi mai tauri kusa da gwiwa ko kafaɗa wanda ke ƙaruwa. Ƙari a kan waɗannan, ƙashin da ya karye ba tare da wani bugun kirki ba. Maɗorin da ya ga ɗaya daga ciki ya ce a je a ɗauko hoto kafin ya sa hannu, ya yi wa yaron abin da babban likita ba zai iya yi masa ba bayan wata 6.

Wanda aka gama wa magani kuma, ko an yanke ko an ceta, bai rabu da asibiti ba tukuna. Shekara 2 na farko su ne masu haɗari, a cikinsu akan ɗauki hoton ƙirji kowane wata 2 ko 3, daga baya a riƙa tsawaita tazara har shekara 5 da abin da ya fi. In an ga ɗigo ɗaya ko biyu a huhu tun suna ƙanana, likitan ƙirji yana iya buɗewa ya tsince su, kuma cikin waɗanda aka cire wa duka, kimanin ɗaya cikin uku yakan rayu shekara 5 ko fiye.